Walƙiya, tsawa da aradu: tambayoyin da kuke ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a sakandare, kuma duk shekara da zarar bazara ta ja baya hadari ya fara haɗowa daga gabas sai tambayoyin nan su dawo, ɗalibai su yi a aji, 'yan uwa su turo ta waya, har a majalisa bayan la'asar an sha tare ni da su. To na ga gara in zauna in tattara su wuri ɗaya. Wasu amsoshin za su yi tsawo, ku yi haƙuri, abin ne ba ya taƙaituwa, kuma akwai tambaya ɗaya can ƙasa wadda gaskiya saboda ita na zauna yin rubutun nan gaba ɗaya.

Wai meye bambancin walƙiya da tsawa da aradu?

Abu ɗaya ne, sunayen ne uku. Hasken da ka gani shi ne walƙiya, ƙarar da ta biyo baya ita ce tsawa, in ta yi nisa tana gurnani a hankali mu ce cida, in kuma wutar ta sauko ta taɓa ƙasa ko bishiya ko mutum sai mu ce aradu ta faɗi, wasu su ce kwarankwatsa. Mutane na cewa "tsawa ta kashe shi", amma ƙarar ba ta kisa, wutar ce ke yi, kafin ƙarar ta iso kunnenka ma an riga an gama komai. Kuma mafi yawan walƙiya ba ta ma sauka ƙasa, kusan uku cikin huɗu a can cikin gajimare take farawa ta ƙare.

Ruwa ne fa a cikin gajimare, to daga ina wuta take fitowa?

Ka tuna lokacin hunturu, ka ja bargo da daddare cikin duhu ka ji ƙas-ƙas har ka ga ɗan tartsatsi shuɗi, ko ka fito daga mota ka taɓa murfin ƙofa ka ji ta ɗan fizge ka? To wannan ƙanwar aradu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abubuwa biyu in suka gogi juna, ɗaya yakan kwashe wa ɗayan wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki, sai wannan ya zama negetif wancan ya zama fozitif, kamar dai kawunan batir guda biyu.

A cikin hadari kuma ƙanƙara ce ke yin gogayyar. Eh, ƙanƙara, ko da kuwa a Sakkwato ne ko Maraɗi ana tsakiyar zafi. Rana ta gasa ƙasa tun safe, iska mai zafi da laima ta tashi sama da gudu, kuma duk kilomita ɗaya da ta hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, kafin ta kai kilomita 5 ruwa ya fara daskarewa, kuma hadarin yankinmu kansa yakan kai kilomita 15 ko fiye. A tsakiyar hadarin, inda sanyi ya kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, abubuwa uku ne a cakuɗe: ɓurɓushin ƙanƙara mara nauyi, da wata ƙanƙara mai ɗan laushi kamar tsakuwa, da ɗigon ruwan da ya wuce sanyin daskarewa amma bai daskare ba tukuna. Iska tana cilla ɓurɓushin sama, tsakuwar kuma nauyinta yana janyo ta ƙasa, sai su riƙa karo da juna sau biliyoyi, a kowane karo tsakuwar ta tafi da negetif, ɓurɓushin ya tafi da fozitif. Cikin mintuna kaɗan kan hadarin ya cika da fozitif, cikinsa da gindinsa sun cika da negetif, batir ya haɗu ke nan, batir mai girman gari.

Shi ya sa ba kowane gajimare ke walƙiya ba. Yayyafin marka da ke sauka daga gajimare shimfiɗaɗɗe sau da yawa shiru yake zuwa, sai wanda ya yi toroƙo ya hau sama sosai har kansa ya baje kamar maƙera.

To yaya take saukowa? Me ya sa ba ta zuwa a miƙe, sai ta yi ta karkacewa tana rassa?

Nan ne wurin da ya fi burge ni a duk maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Iska ba ta son wuta ta bi ta cikinta, shi ya sa wayoyin NEPA suke tsirara a kan fol kuma wutar ba ta tsallakowa ta same ka. Kafin busasshiyar iska ta ba wuta hanya sai an matsa mata da wajen bolt miliyan 3 a kowace mita ɗaya. Abin mamakin shi ne da masana suka aika balan-balan da jirage cikin hadari suka auna, abin da suka samu bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, amma duk da haka walƙiya na tashi. Har yau ana bincike a kan abin da ke kunna tartsatsin farko, wasu sun fi karkata ga tsinin ƙwayoyin ƙanƙara da ke tattara ƙarfin wuri ɗaya, wasu kuma ga wasu ƙwayoyi masu gudu da ke shigowa daga sararin samaniya.

Amma abin da ke biyo bayan kunnawar an san shi sarai, tun shekarun 1930 wani masani a Afirka ta Kudu, Basil Schonland, ya ɗauke shi da kyamara ta musamman. Daga gindin hadarin wani siririn zaren wuta ne ke fara fitowa, dishi-dishi, ido ba ya ma kama shi, ni ina ce masa ɗan share hanya. Ba ya tafiya a miƙe, tsalle yake yi, ya yi wajen mita 50 ya tsaya ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya sake tsalle, kamar mai lalube cikin duhu, duk inda iska ta fi sauƙin hudawa nan yake bi, wani lokaci ya rabu biyu ko uku kowanne ya kama gabansa. Karkacewar da rassan da kake gani sawun wannan lalube ne. Bai san inda za shi ba fa, bai san akwai ƙasa ko mutum ko masallaci ba, mita hamsin ɗin gabansa kawai ya sani.

A ƙasa kuma wani abu na faruwa. Negetif ɗin da ke gindin hadarin ya riga ya janyo fozitif ya taru a saman ƙasa, yana bin hadarin kamar inuwa, yana hawa duk abin da ya yi tsini, bishiya, eriya, hasumiya, ƙahon saniya, kan mutum. Da ɗan share hanyan nan ya matso kusa, saura 'yan gomman mitoci, sai waɗannan abubuwa su fara miƙa nasu zaren wutar sama suna tarbarsa. Duk wanda ya riga haɗuwa da shi, shi ke nan hanya ta buɗe tsakanin sama da ƙasa, wuta mai yawan gaske ta kwarara, hasken ya ruga ta cikin hanyar daga ƙasa zuwa sama da gudun da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun haske. Wannan ne walƙiyar da kake gani.

Wato shawarar inda za ta faɗa a mitocin ƙarshe ake yanke ta, kuma abin da ya fi tsawo a wurin shi ya fi samun damar riga kowa miƙa hannu. Ka riƙe wannan, kusan duk sauran amsoshin daga nan suka fito.

Ke nan daga sama take saukowa ko daga ƙasa take tashi?

Duka biyun. Mai share hanya ya sauko, babban hasken ya hau. A dogayen gine-gine da turakun sabis ma wani lokaci daga kansu take farawa ta hau sama, za ka gane ta don rassanta sama suke kallo.

Me ya sa take ƙyaftawa sau biyu sau uku?

Saboda hanyar da aka buɗe tana nan da zafinta, sai wani ɓangaren hadarin ya sake juye cajinsa ta cikinta, galibi sau 3 ko 4, wani lokaci fiye da 10, duk cikin ƙasa da sakan ɗaya.

Ƙarfinta ya kai nawa?

Wutar gida bolt 230 ce, ita kuma aradu ana maganar bolt miliyan ɗari zuwa sama. Dutsen guga yana jan amfiya 5 ko kusa da haka, matsakaiciyar aradu tana kai amfiya 30,000. Zafin hanyar da ta bi yana kai digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyas, ninki biyar na zafin fuskar rana ke nan. Amma kaurin hanyar, duk hasken nan da ke cika sama, bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kamar babban yatsanka. Ɗalibaina ba sa yarda da wannan sai na maimaita.

Akwai kuma wata iri da ba ta da yawa amma ta fi muni, wadda ke fitowa daga can kan hadarin inda fozitif yake, tana iya ninka ta yau da kullum sau goma, kuma tana iya tafiya a kwance kilomita 15 ko fiye kafin ta sauka, a wurin da ko ɗigon ruwa babu, rana ma na haskawa. In ka ji an ce aradu ta faɗi ba hadari, hadarin na nan, nesa yake.

Ita tsawar me ke kawo ƙararta? Gajimare ne ke karo?

A'a, gajimare ƙananan ɗigon ruwa ne da ƙanƙara, ba shi da abin yin irin wannan ƙara. Iskar da ke cikin hanyar wutar ce aka ɗaga zafinta zuwa digiri dubbai cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ba ta da lokacin buɗewa a hankali, sai ta fashe kamar tayar da aka cika wa iska. In kusa da kai ne za ka ji ta tsaga kamar an yage sabon yadi sannan ta buga. In nesa ne sai ka ji gurnani mai tsawo, dalili kuwa hanyar tana da tsawon kilomitoci, ƙarar ɓangaren da ke kusa da kai ta riga iso, ta can sama tana tafe a baya, ga kuma amsa-kuwwa daga duwatsu da gine-gine.

Ga wani lissafi da nake so kowane manomi da makiyayi ya iya. Haske nan take yake iso maka, amma ƙara mita 340 kawai take ci a sakan, wato kilomita ɗaya a sakan 3. In ka ga walƙiya fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har ka ji tsawa, sai ka raba da 3. Ka ƙirga 15, kilomita 5 ke nan. Ka ƙirga 6, kilomita 2, kana cikin haɗari sosai. Gaskiyar magana ma in dai kunnenka na jin tsawar to tana iya kai wa gare ka, don ba a cika jin tsawa daga nesan da ya wuce kilomita 15 ba. Kuma bayan tsawar ƙarshe a jira minti 30 kafin a koma gona ko fili, mutane da yawa bayan ruwa ya ɗauke abin ke samunsu, sun fito suna cewa ai ya wuce.

Walƙiyar da muke gani da daddare can gefen gabas ba ƙara fa?

Tana da ƙararta, nisa ne ya cinye ta. Da daddare ana hango hasken hadarin da ke nesan fiye da kilomita 100.

Gatarin aradu fa? Kakana yana da shi, a gona ya tsinta

Na riƙe irinsa a hannuna, baƙin dutse mai santsi, baki ɗaya a wase kamar gatari, sanyi ƙalau, kuma na fahimci dalilin da ya sa duk wanda ya tsince shi bayan ruwa zai ce daga sama ya faɗo. Amma aradu ba ta ɗauke da dutse, wuta ce zalla. Wannan gatarin mutanen da ne suka sassaƙa shi da hannunsu shekaru dubbai da suka wuce kafin a san ƙarfe, yana binne, ruwan sama ya wanke ƙasa ya fito da shi. Ba mu kaɗai muka yi wannan fahimtar ba, Yarbawa suna danganta shi da Sango, Turawa ma a da haka suka ɗauka. A adana shi da kyau, kayan tarihi ne.

Abin da aradu ke bari da gaske wani ne daban. In ta faɗa cikin yashi takan narkar da shi ya zama wani bututun gilas mai rassa kamar saiwa, ciki sumul waje kaushi. An tsinci irinsu da yawa a hamadar gabashin Nijar wajen Bilma, inda yau da ƙyar ake ganin hadari, kuma masana sun kafa hujja da su cewa a da damina na kaiwa can.

Me ya sa take kashe shanu da yawa lokaci guda?

A watan Satumban 2019 shanu 36 suka mutu a Ijare ta jihar Ondo dare ɗaya, aka yi ta maganganu iri-iri. A 2016 a ƙasar Nowe dabbobin dawa dangin barewa 323 suka mutu a kan tudu guda. Ba bin su ta yi ɗaya bayan ɗaya ba. In aradu ta faɗi, wutar ba ta nutsewa nan take, bazuwa take yi a saman ƙasa ta kowane gefe, tana raguwa da nisa. To in ƙafarka ɗaya ta fi ɗayar kusa da wurin, akwai bambancin ƙarfi tsakaninsu, sai wutar ta hau ta wannan ƙafa ta sauka ta waccan. Saniya tazarar ƙafafunta na gaba da na baya ta fi mita, kuma zuciyarta na kan hanyar, ga su sun cure wuri ɗaya a gindin bishiya saboda ruwa.

Mutane ma haka ne. Waɗanda take faɗowa a kansu kai tsaye 'yan kaɗan ne, wutar da ke bin ƙasa ita ta fi kowace hanya kashe mutane da raunata su. Shi ya sa kwanciya a ƙasa kuskure ne babba, kuma in kuna da yawa a fili ku warwatsu, kar ku dunƙule.

Gindin bishiya fa, ai nan kowa ke fakewa

Wallahi nan ne mafi munin wuri. Bishiya ta fi ka tsawo, ita za ta tarbi wutar, amma wutar lantarki ba ta bi ta cikin itace da kyau kamar yadda take bi ta jikin mutum mai ruwa da gishiri, sai ta yi tsalle daga jikin bishiyar ta bi ta kanka, sauran kuma ta bi ƙasa ta same ka ta ƙafa. Ruwan cikin bishiyar kan tafasa nan take ya zama tururi ya fasa ɓawon, shi ne kake ganin an tsage ta daga sama har ƙasa. Giginya, tsamiya, kuka, darbejiya, ba wadda aka ware, wadda ta tsaya ita kaɗai a fili ta fi haɗari. Jiƙewa da ruwa ba ta kashe kowa ba.

Gaskiya ne waya tana jawo aradu? Madubi da jan kaya fa?

Wayar hannu ba ta jawo ta, sabis ba hanyar wuta ba ne. Mai share hanyan da ya taho daga kilomita 6 bai san da wani abu mai girman tafin hannu ba. Inda matsalar take shi ne wayar da ke jone da caji a soket, don aradu kan faɗa kan layin wuta can nesa ta biyo waya ta shigo gida, ta haka ne take ƙona talabijin da firji da inbata. A cire filogi tun hadari na haɗowa, ba sai ana tsakiyar tsawa ba. Madubi ba ruwansa, haske kawai yake maidowa, jan kaya ma haka, wuta ba ta ganin launi. Ƙarfe kuma ba ya kiran ta daga nesa, amma in ta same shi tana gudu a cikinsa, don haka a nisanci shingen waya, famfo, da ƙofar ƙarfe, kuma kar a saɓa fartanya ko sanda a kafaɗa ana tafiya a fili, tsawo kake ƙara wa kanka.

To ina ne mafaka?

Ginin da ke da wayoyin wuta da bututun ruwa a bango, don su ne ke karɓar wutar su kai ta ƙasa, kai kuma ka zauna tsakiyar ɗaki ba ka jingina da bango ba. Sai mota mai rufin ƙarfe, gilas a rufe. Ba taya ce ke kare ka ba kamar yadda ake faɗa, wutar da ta huda kilomitoci na iska ba roba ce za ta tare ta ba, jikin motar ne ke zagaye da ita ta waje ya sauke ta. Haka jirgin sama, kusan kowane jirgin fasinja aradu na samunsa kamar sau ɗaya a shekara kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Babur, keke, Keke Napep, bayan akori-kura, ba kariya ko kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne ƙauyukanmu. Bukka, rumfar kasuwa, ɗakin ƙasa mai rufin kwano wanda ba abin da ya haɗa kwanon da ƙasa, duk ba mafaka ba ne na gaske, kwanon zai karɓi wutar, ba ta da hanyar sauka, sai ta yi tsalle ta bi ta mutanen ciki. A 1975 a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe mutum 21 suka mutu a bukka ɗaya. A 2011 a Yuganda ɗalibai 18 suka mutu a wata firamare suna fakewa a aji. Duk lokacin da na ga makarantar ƙauye a fili fetal, rufin kwano, yara ɗari a ciki, ba tanda-aresta, wato sandar ƙarfen da ke kare gini daga aradu, raina ba ya kwanciya.

Shi tanda-arestan yaya yake aiki? Korar ta yake yi?

Ba ya kora, tarba yake yi. Sandar ƙarfe ce a wuri mafi tsawo na ginin don ta riga komai miƙa hannu, sai kakkaurar wayar jan ƙarfe ta ɗauki wutar ta kai ta wata sandar da aka binne cikin ƙasa mai laima. Benjamin Franklin na Amurka ne ya kawo dabarar, a 1752 aka gwada tunaninsa a Faransa aka tabbatar cewa walƙiya lantarki ce, a 1753 kuma wani masani Georg Richmann ya rasa ransa a Rasha yana irin wannan gwajin. Don Allah masu gini ku kula, na sha ganin tsinin a kan rufi yana ƙyalli amma wayar an yanke ta an sayar, ko ba a ma binne komai ba. Irin wannan gara babu, ka gayyato baƙo ne ba ka ba shi hanyar fita ba.

An ce ba ta faɗawa wuri ɗaya sau biyu

Tana faɗawa. Dogon benen Empire State na birnin Niyok yana shan ta wajen sau 20 a shekara, kuma da yawanku kun ga bidiyon yadda take sauka a kan hasumiyar agogon Makka. Wani ma'aikacin gandun daji a Amurka, Roy Sullivan, sau 7 ta same shi tsakanin 1942 da 1977 kuma duk ya rayu.

Ina aka fi walƙiya a duniya?

A duniya gaba ɗaya ana yin wajen 44 a kowane sakan. Wurin da ya fi ko'ina shi ne tafkin Marakaibo a Benezuwela, sai gabashin Kwango, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi yawan wuraren da ke sahun gaba. Ta fi yawa a tudu fiye da a teku saboda ƙasa ta fi saurin ɗaukar zafi, shi ya sa ma hadari ya fi haɗowa daga la'asar zuwa dare. Namu na Sahel kuwa a jere yake tafiya, layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, iskar sama na tura shi daga gabas zuwa yamma, da guguwa da ƙura a gabansa, abin da tsofaffi suka daɗe da sani ke nan da suke duban gabas. Walƙiya mafi tsawo da hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar ta kai kilomita 829, a Amurka, a watan Oktoban 2017.

Ba za a iya tara wutar a ba mu lantarki ba?

Da wuya. Ƙarfin yana da yawa amma lokacin ya yi kaɗan ƙwarai, in ka lissafa duka abin da ke cikin guda ɗaya ɗaruruwan yunit ne na mita, kuma mafi yawansa ya tafi a zafi da haske da ƙara tun kafin ya iso ƙasa, ga shi ba ka san inda za ta faɗa ba. Amfanin da take yi mana wani ne, zafinta na haɗa sinadarin naitirojin na iska da iskar oksijin, ruwa ya sauko da shi gona a matsayin ɗan taki.

Malam, wannan bayanin bai ci karo da addini ba? Kuma ai ana cewa ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya take nema

Ni dai ban ga karo ba. Sanin yadda ruwa ke haɗuwa a gajimare bai hana mu roƙon ruwa ba, kuma ni da na san lissafin nan in tsawa ta buga tasbihi nake yi, sanin ma ƙara min tsoron Allah ya yi. Amma maganar cewa duk wanda ta faɗa wa mai laifi ne, wannan ina roƙo a daina. Waɗanda take samu manoma ne, makiyaya, masunta, mata masu ɗebo itace, yara masu ƙwallo, mutanen da neman halak ya fitar da su fili. A bar iyalinsu da zafin rashi, kar a ƙara musu da zargi.

In ta faɗa wa mutum, gaskiya ne ba a taɓa shi sai an zuba masa nono?

Wannan ce tambayar.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka yi a garinmu. Wani maƙwabcinmu, magidanci, yana dawowa daga gona da yamma ruwa ya kama shi ya raɓe a gindin wata tsamiya. Da muka isa yana kwance rigingine, hularsa can gefe, takalmin robansa ɗaya ya tsage, wurin na wani wari kamar an ƙona waya. Mutane sun fi talatin sun yi da'ira, ba wanda ya matsa, ana ta cewa kar a taɓa shi wutar na jikinsa, a jira nono. Aka tura yaro da keke rugar Fulani. Ina ganin matarsa tana ta yunƙurin isa gare shi ana riƙe ta. Kafin ƙwaryar nonon ta iso an fi rabin awa.

Sai da na girma na karanta na gane abin da muka yi a ranar. Jikin mutum ba batir ba ne, ba ya ajiye wuta, ta wuce ta shige ƙasa tun kafin ka ji ƙarar, ko a sakan na farko ka taɓa shi ba abin da zai same ka. Kuma cikin mutum 10 da aradu ke samu kusan 9 suna rayuwa. Abin da ke kashe sauran yawanci ba ƙuna ba ce, zuciya ce ke tsayawa da numfashi, kuma sau da yawa zuciyar kan farfaɗo da kanta amma numfashin ya daɗe bai dawo ba, sai rashin iska ya sake tsayar da ita. Mintunan farkon nan su ne komai. Rai na hannun Allah, ban ce da mun taɓa shi lallai zai tashi ba, amma ko gwadawa ba mu yi ba, kuma abin bai bar ni ba har yau.

Don haka ga abin yi. Ka isa gare shi nan take, in wurin fili ne ana ci gaba da tsawa a ɗauke shi zuwa inda ya fi aminci. Ka kira shi, ka duba ƙirjinsa ko yana numfashi. In ba ya yi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa ɗayan a kai, ka riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 ka ɗaga haɓarsa ka toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau 2, kar ka tsaya, in ka gaji wani ya karɓa, wani kuma ya nemo mota. In mutane da yawa ta samu, fara da wanda ya yi shiru kamar ya mutu, masu ihu da motsi suna numfashi, za su iya jira. Kar a ɗura masa nono ko ruwa a baki yana sume, zai shaƙe.

Wani lokaci za ku ga wani jan zane a fatarsa mai rassa kamar ganye, ba rubutun aljanu ba ne, sawun wutar ne kuma yakan ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da kunnensa, don dodon kunne kan fashe, idon ma wani lokaci sai bayan watanni yake fara yin yana.